Makaɗan Kokowa a Filin Tanis

Na manta sunayen ɗalibai da yawa, na manta har da wasu daraktocin da na yi aiki a ƙarƙashinsu, Allah Ya yafe mini. Amma ranar da aka kawo mini makaɗan kokowa filin tanis ta ƙi fita daga kaina. Tun da na ajiye aiki, duk lokacin da ƙannena malaman wasanni suka zo gaishe ni suka ce in ba su labarin aiki, ita ce take fara zuwa bakina, kuma ban taɓa ba da shi na gama ba tare da raina ya sake ɓaci ba.

Madam Hauwa ake ce mini. Na yi aikina kusan duka ina koyar da motsa jiki a wata kwaleji a nan Dogon Dutsi. Ga wanda bai san aikin ba, mu ne masu fitar da yara fili su yi gudu da tsalle da ƙwallon hannu, kuma mu ne sauran malamai ke kira "masu wasa" in sun ga mun juya baya. Tsarin makaranta kuwa a bayyane yake: malami yana da ajinsa da filinsa, amma duk baƙon da zai tako ƙofar makaranta, ko mai sayar da alli ne, sai Darakta ya sani ya kuma yarda. Ku riƙe wannan ƙa'idar, don ita ce ta ja mini abin da ya same ni.

A bayan azuzuwanmu akwai wani tsohon daɓen siminti da wasu malamai Turawa suka bari tun zamanin da. Lokacin da na zo makarantar, awaki ke kwana a kansa, matar mai gadi kuma tana shanya kuɓewa. Babu wanda ya san filin tanis ne sai ni, saboda an ɗan koya mana wasan a makarantar horon malamai a Yamai. Na share shi, na toshe manyan tsagogin, na sake ja masa layi da farar ƙasa, na ɗaura tsohuwar ragar ƙwallon hannu a tsakiya. Raket huɗu nake da su, wato sandar bugun mai zare a kai, sai ƙwallaye da duk gashinsu ya zube suka yi sanƙo.

Wasan ba shi da wuyar fahimta. Mutum biyu ne, raga a tsakaninsu, kowa na bugo wa ɗan'uwansa ƙwallo, wanda ya kasa mayarwa ya rasa maki. Abin da mutanenmu ba su sani ba shi ne, wasa ne na shiru. Ɗan wasa da kunne yake fara sanin irin ƙwallon da ke tafe, daga ƙarar da ta yi a raket ɗin abokin karawarsa. Shi ya sa ko a manyan gasa na duniya, inda dubban mutane ke zaune, da an ɗaga ƙwallo za a buga sai kowa ya yi tsit har a gama. To ku kawo wannan wasan ƙasar Arewa, wato yankinmu na Dogon Dutsi, inda ko yara biyu suka kama kokowa a bakin rijiya sai an sami mai yi musu kirari.

Cikin 'yan matan da suka dinga zuwa filin akwai Balkisa. Bahaguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana, ba ta wuce shekara sha huɗu ba a lokacin. Ban taɓa ganin hannu irin nata ba. Sauran yara suna bugun ƙwallo kamar suna korar kaza, ita kuwa sai ta jira ta, ta ajiye ta inda take so. Da dogon wando take wasa da doguwar riga har gwiwa, hijabinta a cuse cikin wuyan riga, kuma bai taɓa hana ta kai wa ƙwallo ba. Kafin shekara ta zagayo ta fara cinye ni, ni kuma na fara ɗora laifin a kan gwiwoyina.

Mahaifinta, Malam Sanusi, mutumin Kiyeshe ne, yana da shagon kayan babur a kasuwar Dutsi. Yana cikin matasan 'yan kasuwan nan masu riƙo da sunna, waɗanda ba sa zuwa bikin da ake kiɗa. Na san da yawa cikinku da kun ji haka za ku ce ai shi ne matsalar. Ku dakata tukuna. Mutum ne mai sauraro, kuma abin da ya sani game da tanis shi ne abin da ya taɓa hangowa a talabijin ɗin wani shago: mata da guntun siket, da maza cike da kujeru suna kallo. Sai da ya zo da kansa ya ga shigar 'yarsa da kuma cewa mata ne kaɗai a filin, sannan ya bar ta ta ci gaba.

Ana nan sai wata tsohuwar abokiyar karatuna ta kira ni daga Yamai. Ta ce akwai wata mai suna Nafisa, 'yar wasan tanis ce da ta mai da shi sana'a, ta yi shekaru tana yawon gasa a ƙasashen waje, yanzu tana shirin ajiye raket ta koma horar da yara mata a wata cibiya a Yamai. Uwarta 'yar wajen Tibiri ce, kuma za ta zo gaida dangi bayan kaka. In ina da yarinyar da ta cancanta, za ta biyo ta Dutsi da safiyar wata Asabar ta gwada ta. Gurbi guda ne ya rage, kuma safiyar nan kaɗai take da ita.

A tanis, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wasa ne na 'ya'yan masu hali, waɗanda ake saya wa raket tun suna shan nono. Yarinyar da ke buga ƙwallo mai sanƙo a Dogon Dutsi, in ƙofa ta buɗe mata sau ɗaya, ba lalle ta sake buɗewa ba, kuma shekarunta ba sa jira. Ban ko ci abinci ba na nufi kasuwa.

Na sami Malam Sanusi yana jera tayoyi. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba.

"Malama," ya ce, "Yamai ba ita ce damuwata ba, ƙanwata na can, wajenta za ta zamna. Damuwata guda ce. Ban son a mai da ɗiyata abin kallo."

Na ce ya faɗi sharuɗɗansa.

"Ba kiɗi. Ba taron maza. Kuma kar a kira sunanta a lasifika gari ya ji. In anka kiyaye wanga, ni da kaina zan zo in tsaya in gani. In na ga abin da hankalina ya kwanta da shi, ta tahi."

Dariya ta kama ni. Na ce, "Malam, in akwai abin da ya fi ku ƙin kiɗi a duniyar nan, to tanis ne. Ko tari mutum ya yi sai an harare shi."

Ya yi murmushi ya ce ashe wasan na da tarbiyya. Na ba shi alkawari da zuciya ɗaya, domin a ganina babu alkawarin da ya fi wannan sauƙin cikawa. Abin da uban yake so shi ne abin da wasan yake so.

Saura ƙa'idar da na faɗa muku. Washegari na shiga ofishin Darakta. Ba zan faɗi sunansa ba, ya rasu, Allah Ya jiƙansa, kuma ba mugu ba ne. Mutum ne mai son makarantarsa da son a san da ita, kuma duk lokacin kokowa shi ne a sahun gaba da babbar riga. Na yi masa bayanin baƙuwar.

Idonsa ya yi haske. "Shampiyon ta duniya za ta zo lakwal ɗinmu, makarantarmu wagga?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. 'Yar wasa ce dai ta sana'a, ba ta cikin waɗanda ake nunawa a talabijin. Kuma ba biki ba ne, gwaji ne. Mu huɗu ne kawai: ni, ita, yarinyar da ubanta."

Na jera masa sharuɗɗan Malam Sanusi ɗaya bayan ɗaya, na sake maimaitawa, na ƙara da cewa shi kansa wasan ba ya yiwuwa cikin hayaniya. Yana ta gyaɗa kai.

"Bon, bon, na ji, Madam. Kar ki damu da komi."

Ƙannena, in shugabanku ya ce muku kar ku damu da komai, a nan ne za ku fara damuwa.

Ranar Juma'a da la'asar ni da Balkisa muka share filin tas, har tsakuwa muka bi muka tsince. Ranar Asabar na fito da sassafe da jakar ƙwallaye a kafaɗa. Tun daga nesa na hangi abin da ban yi zato ba. Rumfuna ne aka kakkafa. An jera kujerun roba, kuma ba a gefen filin ba, a kan layin da na ja da hannuna. An ɗaura lasifika a jikin bishiya. An fito da ɗaliban makaranta duka, ranar da babu karatu, an jera su sahu-sahu. Mutanen gari sun fara shigowa, kowa na jawo yashi da takalmansa yana zubewa a kan daɓen da muka share. Can gefe kuma, a kan tabarma, ga makaɗan kokowa da aka ɗauko takanas daga Kore Mairuwa suna ɗaure gangunansu, da maroƙinsu yana gyara murya.

Na sami Darakta yana nuna inda za a ajiye teburin manyan baƙi. Ban ma gaishe shi yadda ya kamata ba.

"Ranka ya daɗe, mene ne wannan?"

"Tarba ce, Madam."

"Ba mun yi da kai babu taro ba?"

Ya dube ni kamar ni ce ban da hankali. "Madam Hauwa, baƙuwa ta taso tun daga ƙasar Turawa, kuma ɗiyarmu ce ta Arewa, mu tarbe ta shiru kamar ta zo gaisuwar mutuwa? Mi mutanen Yamai za su ce da mu? Ke kin san wasa, ni na san mutane."

Na ce masa uban yarinyar zai janye ta. Ya ce wane uba ne zai ƙi a girmama ɗiyarsa. Wallahi da gaske yake, har cikin ransa. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, don da mugunta ce da na san yadda zan yi faɗa da ita.

Nafisa ta iso cikin ƙaramar mota, doguwa, da dogon wandon wasa da ɗankwali. Ganguna suka ɓarke. Ta tsaya da jakarta tana kallon rumfunan, sannan ta matso kusa da ni ta tambaya da Hausarta mai tsami, "Madam, akwai aure ne a nan?" Na ce mata a'a, ke ake yi wa. Ta rufe ido ta buɗe. Ta ce mini a hankali, a yawancin gasar da ta buga a rayuwarta, 'yan kallo ba su wuce mai share fili da alƙalin wasa ba, ta sha kwana a tashar jirgi da raket a matsayin matashi, yau ga shi ta zama shampiyon ta duniya a Dutsi. Ta ƙara da cewa ita dai dole ta kama hanya kafin azahar.

Aka shiga jawabai. Darakta ya yi nasa da Faransanci, ya sake yi da Hausa. Shugaban iyayen yara ya yi. Wani da har yau ban san ko wane ne ba shi ma ya yi. Sanyin safiyar da muka zaɓa don wasan ya tafi a banza, rana ta fara dukan simintin.

Cikin jawaban ne na hango Malam Sanusi tsaye a bakin ƙofa, hannayensa a baya. Balkisa na gefensa ta rungume raket, kanta a ƙasa. Na je wurinsu ina jin kamar in nutse.

"Malama," ya ce, "wanga shi ne shirun?"

Na rantse masa ba da sanina ba ne. Na roƙe shi ya ba ni dama in gyara abin da zai gyaru. Ya dubi taron, ya dubi 'yarsa, sannan ya ce:

"Taro ya riga ya taru, ba ki iya korar su, na gani. Tunda baƙuwa mace ce kuma ta yi shigar mutunci, zan haƙura da shi. Amma a tsai da kiɗin. Kuma sunanta, Malama. Kar in ji shi."

Ku lura, cikin sharuɗɗa uku mutumin nan ya sauke ɗaya da kansa, saboda ya ga idon 'yarsa. Ban manta masa wannan ba.

Na koma na zama mahaukaciya. Na sa ɗalibai suka kwashe kujeru daga kan layi. Na ɗauki tsintsiya na bi filin, sai dai yashin ya riga ya shiga ko'ina, kuma Darakta na ta yi mini alamar manyan baƙi na jira. Na kashe lasifikar da hannuna. Sannan na durƙusa gaban shugaban makaɗan, dattijo mai furfura, na ce, "Baba, don Allah don Annabi, kar ku taɓa ganga sai na ɗaga muku hannu."

Ya ce, "Ɗiyata, kar ki koya muna aikinmu. Mu ba mu kiɗi kan banza. Sai an yi kaye."

Na ce, "Baba, wannan wasan babu kaye a cikinsa. Ba mai kayar da wani. Ƙwallo ake bugawa a ƙirga maki."

Ya juya ya dubi yaransa, suka kwashe da dariya. "Wasa babu kaye? To mi anka zo kallo?"

Na ce ya dai jira hannuna. Ya ce to.

Na tsaya a tsakiyar fili na ɗaga murya na roƙi jama'a su yi shiru, na ce haka dokar wasan take. Abin mamaki, suka yi. Ina jin baƙon abu ne ya kama bakinsu.

Balkisa ta shiga fili. Ƙwallayen farko duk a raga ta zuba su. Nafisa ta ci gaba da turo mata masu sauƙi har yarinyar ta manta da mutane. Daga nan wasa ya fara. Ba ka jin komai a makarantar nan sai ƙarar ƙwallo, tau, tau, da shassheƙar numfashinsu. Nafisa ta fara ƙara ƙarfi, tana aika ta dama, tana aika ta hagu, Balkisa na mayarwa. Na ga fuskar baƙuwar ta canza, ta daina murmushin da ake yi wa yara, ta gyara tsayuwa. Na waiga na ga Malam Sanusi ya baro bakin ƙofa, ya matso har gindin bishiyar da ke kusa da fili, wuyansa na bin ƙwallo. A raina na ce alhamdu lillahi, mun tsira.

Sai Balkisa ta yi abin nan nata. Ta ɗaga hannu kamar za ta yi duka mai ƙarfi, sai ta sassauta, ƙwallon ta tsallake raga da ƙyar ta faɗi nan kusa. Nafisa ta taso da gudu daga baya. Ƙafarta ta hau yashin da jama'a suka shigo da shi, ta zame, gwiwarta da tafin hannunta suka dafa ƙasa. A hakan ma ta miƙa raket ta mayar da ƙwallon, ta wuce Balkisa. A dokar tanis, makin na Nafisa ne, kuma faɗuwa ba komai ba ce, kowa na faɗuwa ya tashi.

Amma a dokar kokowa, wanda gwiwarsa da hannunsa suka taɓa ƙasa an gama da shi.

"Ta kayar da ita!" wani ya kurma daga cikin rumfa. "Wallahi ta kai ta ƙasa!"

Ganguna suka tashi gaba ɗaya. Mata suka rangaɗa guɗa. Ina ɗaga hannu ina cewa a tsaya, makaɗan suka ɗauka alamar da suke jira ce, suka ƙara wuta. Ɗalibai suka ɓalle suka cika fili, raga ta faɗi. Darakta da kansa na gani yana kunna lasifikar da na kashe, yana raɗa wa maroƙi magana a kunne, sai kuwa muryar maroƙin ta cika unguwa:

"Balkisa ɗiyar Sanusi! Sanusi na Kiyeshe mai kayan babur! Bahaguwa mai kayar da shampiyon! Arewa ta gode!"

Ya faɗa ya sake faɗa, har kasuwa ana ji. Kuma kun san al'adar fagen kokowa: wanda ya yi kaye, masu jin daɗi kan shigo su manna masa kuɗi a goshi. Kafin in ratsa taron, wani ƙato da ban san shi ba ya riga ya isa gaban yarinyar, ya dafa kanta da hannu ɗaya ya manna mata takardar kuɗi a goshi da ɗayan. Wasu na biye da shi. Balkisa ta ƙame a tsaye, idonta cike da hawaye, tana neman inda ubanta yake.

Bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba. Ya ratso mutane a hankali, ya cire takardar daga goshinta ya mayar wa mai ita a hannu. Ya ce, "Aje sandar, mu tahi gida." Ta sunkuya ta ajiye raket ɗin a kan layi, ta bi bayansa. Ganguna ba su ma lura sun fita ba.

Nafisa na zaune a ƙasa tana goge jinin gwiwarta tana dariya, don ba ta gane abin da ya faru ba. Da na yi mata bayani dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Madam, yarinyar nan nake so. Kai ni wurin babanta." Ta fasa tafiyar azahar ɗin saboda haka.

Ya karɓe mu a zaure da mutunci, ya sa aka kawo ruwa. Nafisa ta yi iya ƙoƙarinta da guntuwar Hausarta. Ta ce a cibiyarsu babu kiɗa, babu taro, mata ke horar da mata, kuma ita ma da irin wannan shigar take bugawa. Ta ce ta daɗe ba ta ga hannu irin na Balkisa ba. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya juyo gare ni.

"Malama, na ga wasan. Wasan ba shi da laihi. Lokacin da anka yi shirun nan, har daɗi na ji, ban ɓoye miki. Kuma na san ba ke kika kira makaɗa ba."

Na ce to, Malam, tunda ka sani.

"Shi ya sa. Ke kin san ni, kin san ɗiyata, filinki ne, garinku ne, kuma da gaskiya kika yi mini alkawari. Duk da haka wanda ke sama da ke ya zo ya take shi, kina tsaye, ni ma ina tsaye. To a Yamai, ita wagga baiwar Allah ba ta da na sama da ita? Ranar da nata Daraktan ya so biki, wa zai ratsa taro ya ɗauko mini ɗiyata?"

Nafisa ta san amsar, domin ta fi ni sanin yadda masu ɗaukar nauyin wasa ke son hoto da taro. Na zo da shirin yin gardama da mai taurin kai, sai na tarar da mutumin da ya fi mu duka lissafi. Gurbin ya tafi ga wata yarinya a Yamai.

Ranar Litinin Darakta ya kira ni ofis, fuskarsa kamar an yi masa albishir. Ya ce, "Kin gani, Madam? Dutsi duka maganarmu ake. Ɗalibarmu ta kayar da shampiyon!" Na ce masa ba ta kayar da kowa ba, makin ma ba nata ba ne, kuma ta rasa gurbin. Ya ce kai, abin tausayi, waɗannan mutanen da tsaurin ra'ayi. Sannan ya ce in fara shirya yarinyar tun yanzu, baɗi yana so a yi wanda ya fi wannan, har da gayyato makaɗan Tibiri. Na fita ban rufe masa ƙofa ba, don na san in na taɓa ta sai ta ɓalle.

Abin da na koya, ƙannena, shi ne a aikinmu ba iyayen da ke kafa sharaɗi ne abin tsoro ba. Su suna faɗa maka iyakarsu a fili, in ka kiyaye sai su ba ka ɗansu. Abin tsoro shi ne son da muke yi wa abu. Mu mutanen nan ba mu iya son abu a shiru ba, sai mun kafa masa rumfa mun kira makaɗa, kuma ba ma tsayawa mu tambayi wanda ake yi dominsa ko yana so. Duk mutanen da suka cika filin nan ranar, babu maƙiyin Balkisa ko ɗaya. Da murna suka raba ta da abin da ta fi iyawa a duniya. Don haka in kun sami yaro mai baiwa, kafin ku yi wa ubansa alkawari, ku fara duba wanda ke da ikon kunna lasifikar da kuka kashe.

Balkisa ba ta sake taka filin ba, ni kuma ban matsa mata ba. Ta gama karatunta lafiya, yanzu tana aiki a wani ɗakin shan magani, tana da 'ya'yanta. Muna haɗuwa a sha'anoni mu gaisa, ba ta taɓa tayar da maganar ba sai sau ɗaya. Na je karɓar maganin gwiwa, tana ɗaure mini shi a leda da hannun hagun nan nata, sai ta ce ba tare da ta ɗago kai ba, "Madam, har yau in na bi ta kasuwa akwai masu ce mini mai kayar da shampiyon. Ni ba wannan nake son sani ba. Ita baƙuwar, da gaske ta ce na iya?"

Na ce mata da gaske ne, a gaban babanta ma ta faɗa. Ta gyaɗa kai, ta miƙo mini ledar, ta ce in dinga sha bayan cin abinci.